Ruwa Ba Alƙali Ba Ne

Mu mutanen Illela ba mu da teku. Ruwan da muka sani shi ne na rijiya, da Tafkin Kalmalo wanda iyayenmu ke ba da labarin kifinsa, sai kududdufan da masu bulo ke haƙawa a bayan gari, damina ta cika su. A bakin ɗaya daga cikinsu na fara cin karo da tambayar da daga baya na tarar manyan ƙasashe sun daɗe suna kai-komo a kanta.

Ranar Lahadi ce cikin watan Agusta, kasuwa ta cika ta tumbatsa. Aka yi kuwwa daga wajen kara, wai wani saurayi ya kwance rago. Ya zura da gudu, matasa suka dafa masa baya da gora da duwatsu, an riga an fasa masa goshi. Da ya ga an rutsa shi sai ya faɗa kududdufi, ga shi bai iya ruwa ba. Ya nutse ya taso, ya sake nutsewa. Jama'a suka kewaye bakin ruwan, wasu na jifa. Ina cikinsu, ban yi jifa ba, amma ban hana ba. Sai wani dattijo mai sayar da igiya ya ratsa taron, ya naɗe ƙafar wando, ya shiga ruwan har gwiwa, ya wurga masa igiyar ɗaure shanu.

"Baba, ɓarawo na fa!" in ji wani matashi.

"Na sani, ɗana. Ku bari shi hito tukuna. Ruwa ba alƙali ba na."

Ya jawo shi, ya zaunar da shi, ya tsaya a kansa har 'yan sanda suka zo suka tafi da shi. Bai roƙi a sake shi ba, bai kuma ce ba shi da laifi ba.

Abin da dattijon nan ya yi, shi ne kusan kaf abin da Yarjejeniyar Jeniba ta biyu ta ƙunsa, wadda aka sa wa hannu ranar 12 ga Agusta, 1949, domin sojojin ruwa. Idan aka nutsar da jirgin yaƙi, mutanen da ke iyo, da masu rauni, da marasa lafiya, sun fita daga sahun waɗanda ake harbi. Sashe na 18 ya wajabta wa ɓangarorin biyu su nemo su da zarar faɗa ya lafa, su tsamo su. Ba a fifita wani a magani saboda ƙasarsa ko addininsa, sai dai wanda ciwonsa ya fi tsanani. Jiragen asibiti kuwa farin fenti ake yi musu, ba a kai musu hari. Wanda abokan gaba suka tsamo ya zama fursunan yaƙi, wato ceto ba yafewa ba ne. Najeriya da Nijar duk sun amince da ita.

Amma duk wanda ya girma a nan yana da dalilin taɓe baki idan aka ce Turawa sun rubuta dokar jinƙai. Daga Illela zuwa Birnin Ƙonni tafiyar 'yan mintoci ce a kan babur. A watan Mayun 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin kyaftin Voulet da Chanoine ta auka wa Ƙonni, ta ƙone garin, ta yi wa mutanensa kisan kiyashi, bayan ta gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu. Kanar Klobb da aka turo ya tsayar da su, harbe shi suka yi ranar 14 ga Yuli. Kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojinsu suka kashe su a yankin Maijirgi, ka ji suna. Ba a cika mako biyu ba, ranar 29 ga Yuli, wakilan ƙasashen Turai, har da Faransa, suka sa hannu a birnin Heg na ƙasar Holan kan yarjejeniyar kare masu rauni da waɗanda jirginsu ya nutse a yaƙin teku. Shekara ɗaya, ƙasa ɗaya. Tausayin da ya kai ga wanda ke iyo a teku bai iso ga matan Ƙonni ba.

Su kansu a tsakaninsu ba su riƙe alkawarin yadda ya kamata ba. Ranar 12 ga Satumba, 1942, wani jirgin ƙarƙashin teku na Jamus ya nutsar da jirgin Ingila mai suna Laconia a tekun Atalantika, daura da Afirka ta Yamma. A cikinsa akwai fursunonin Italiya wajen 1,800, da mata da yara. Kwamandan Jamus ɗin, Werner Hartenstein, ya fito saman ruwa ya shiga tsamo mutane, ya yi shela ta rediyo cewa ba zai taɓa duk jirgin da ya zo taimako ba, ya shimfiɗa tutar Red Cross. Kwana huɗu bayan nutsewar Laconia jirgin saman Amurka ya zo ya yi masa ruwan bama-bamai, da mutanen da ya ceto a kan jirginsa. Shugaban rundunar jiragen ƙarƙashin teku ta Jamus, Karl Dönitz, ya ba da umarni a daina ceton kowa. Wanda ya yi alheri ya sha bam, sauran suka ce sun ɗauki darasi.

Wani abokina da muke shan shayi tare a bakin tasha, da na ba shi wannan labari, cewa ya yi: "To ka gani, Malam. Ka tsamo maƙiyi yau, gobe ya dawo ya harbe ka. Fir'auna ma ai nutsar da shi aka yi." Maganarsa ba ta banza ba ce, kuma na kwana ina juya ta.

Fir'auna dai Allah ne ya nutsar da shi, bayan ya aika masa da Manzo da ayoyi ɗaya bayan ɗaya. Mu da ke tsaye a bakin kududdufi ba mu da wannan matsayi, ba mu ma san sunan yaron ba. Kuma a Suratu Yunus ɗin da ta ba da labarin nutsewar Fir'auna, an siffanta mutanen da guguwa ta rutsa a cikin jirgi: suna kiran Allah shi kaɗai, suna alkawarin godiya, ya tsirar da su, suna taka tudu su koma ga zalunci. Ya san za su koma tun kafin ya tsirar da su, bai fasa ba. Idan wanda ya san gaibu bai sanya gyaruwar bawa ta zama sharaɗin ceto ba, ni da ban san abin da zan ci gobe ba, da wace hujja zan sanya?

Malamanmu na Malikiyya sun ma fi dokar Jeniba tsanani ta wata fuskar. A Muhtasar na Halilu, wanda har yau ake karantawa a zaurukan Sakkwato, wanda ya ga rai na halaka, yana da ikon ceto ya ƙi, lamuni ya hau kansa. Mai salla ma yanke ta yake yi don wanda ruwa zai ci. Gaskiya ne, hanin da Sayyidina Ali ya yi a yaƙin Raƙumi, cewa kada a ƙarasa mai rauni kuma kada a bi wanda ya gudu, a kan Musulmi ne da suka yi tawaye, kuma littattafan fiƙihu sun fi sassauci a yaƙi da waɗanda ba Musulmi ba. Sai dai Suratul Ma'ida da umarnin cika alkawari ta buɗe. Ƙasar da ta sa hannu ta ɗaure kanta, kuma munafuncin Faransa a 1899 ba ya kwance mana ɗaurin.

Yau a yankinmu 'yan bindiga sun addabi ƙauyuka, sun hana noma, sun raba mutane da 'ya'yansu. Ba zan ce wa wanda aka kashe wa uba ya yi haƙuri da fatar baki ba. Amma na ji ana alfahari da cewa an kama wani da harsashi a cinya an "gama da shi" a daji, babu tambaya babu shaida. Wa ya tabbatar ba makiyayi ba ne da ya fito neman saniyarsa? A watan Maris na 2025, da aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo bisa zargi kawai, mun san yadda abin ya ƙona mana rai. Waɗanda suka kewaye su ma sun tabbatar wa kansu miyagu suka kama.

Ina roƙon limamanmu na Juma'a, daga Illela har Ƙonni, da shugabannin 'yan sa-kai: ku karanta wa matasa babin mai rauni da na kamamme, da Hausa, ƙarara, kafin damina ta sake cika kududdufan bayan gari.