Ɗan Kallo Da Hukuncin Wasan Ces

Shin adalci ne wanda ke zaune a inuwa ya yanke wa na cikin rana hukunci? Wannan tambaya takan taso duk sa'ad da aka ɗauko wasan 'yan kulob na ces, wato darar nan mai gida 64 da 'ya'ya 32, domin a yi nazarinsa.

A gasa, doka ta wajabta wa ɗan wasa ya rubuta takunsa da na abokin karawarsa, don haka kuskure ba shi da maɓoya. A ma'aunin Elo, wanda hukumar FIDE ta karɓa a 1970, sai mutum ya kai maki 2500 kafin a kira shi babban gwani, alhali yawancin 'yan kulob ba su kai 2000 ba. Wasansu cike yake da tuntuɓe: wannan ya bar dokinsa ba tsaro, wancan kuma bai lura ba.

Kwamfutar Deep Blue ta doke Garry Kasparov a 1997, yau kuwa manhajar Stockfish da ke cikin waya tana tono irin wannan kuskure nan take. Sai ka ga ɗan kallo yana dariya da ilimin aro. Ya manta cewa mai wasan agogo na cin lokacinsa, kuma ɗan da ya taɓa dole ya tura shi. Laifi tudu ne.

To, a bar nazarin ke nan don gudun cin fuska? A'a. Rufa wa mutum kuskurensa ba tausayi ba ne, domin gobe ma a ramin zai faɗa. Kuma mai koyo ya fi ƙaruwa da wasan tsararsa, tunda tuntuɓensu iri ɗaya ne.

Abin da adalci ke nema shi ne a auna mutum da abin da yake iya gani a lokacin. Ya mai karatu, rufe takardar, ka zaɓi naka takun, sannan ka duba nasa. Sau da yawa za ka tarar tare kuka faɗa.

'Yan wasan kansu suna da kyakkyawar al'ada. In an tashi, wanda ya ci da wanda aka ci sukan zauna su maimaita wasan, har mai nasara ya nuna inda shi ma ya kusa hallaka. Wanda ya iya faɗin haka, shi ya cancanci ya gyara wa wani.