Wurin kwanan bazawara: alfarma ne ko haƙƙi?



Idan aka ce "marar gida", hankalinmu kan tafi ga masu kwana ƙarƙashin gada a birnin Kano, ko tsofaffin gidan gajiyayyu na Shahuci. To amma nan Gezawa, inda gida ke manne da gida, marar gida ba ta kwana a titi. Yau tana gidan ƙanenta, gobe matarsa ta ɗaure fuska, jibi ki gan ta a tashar mota da goyo da ƙullin kaya.

Shin wurin kwanan da take nema alfarma ne, ko haƙƙinta ne? Ni dai na ce haƙƙi ne, don Musulunci bai bar shi ga tausayin kowa ba. Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da wadda aka saki daga ɗakinta kafin idda ta cika. A mazhabarmu ta Malikiyya, ko saki uku ne tana da wurin zama har ta gama idda. Mai takaba kuma wata 4 da kwana 10 za ta yi a ɗakinta in gidan na mamacin ne, sannan ga tumuninta idan ya bar 'ya'ya. Amma gona ta yi tsada, masu yanka filaye sun shigo, sai a yi ta jan rabon gado shekara da shekaru. Ba mu manta ba, rigimar gado ce ta kai aka cinna wa masallaci wuta a yankin Gadan a 2024.

Kuma mu faɗi gaskiya: sau nawa uwar miji ce ke cewa "ta kwashe kayanta yau ɗin nan"? Sau nawa kishiya ke guɗa a zuci? Mu ne dai, ba wasu ba.

An kafa Hukumar Hisba da ta Zakka da Hubusi tun 2003, ga kuma kotunan Musulunci. Sai dai macen da ba ta da kuɗin mota, wadda aka tarbiyyantar a kan cewa kai ƙara abin kunya ne, ba za ta je ita kaɗai ba. Kwanon tuwon da muke aika mata ba ya mayar da ita ɗakinta. Abin da take buƙata shi ne mace biyu daga Islamiyyarmu su raka ta gaban mai unguwa, in ya ƙi ci a wuce wurin alƙali, da kuma ɗaki guda da ƙungiya za ta kama mata kafin a yanke hukunci.