Fatar Akuya A Hannuwan Yakubu

Karatu: Farawa 27:1-45

A ƙarshen zangon karatu na uku, akan sami uban da zai shigo ofishin malamai da katin sakamakon ɗansa a hannu. Sau da yawa ba baƙo ba ne, mai yiwuwa ma dattijon ikilisiya ne. Bayan gaisuwa sai ya sassauta murya ya ce, "Malam, maki biyar kaɗai ya rage wa yaron nan. Ka taimaka ya wuce, ai mu duka ɗaya ne cikin Ubangiji." Malamin ya san yaron bai iya karanta layi uku a jere ba. Ya kuma san wannan dattijo yana cikin kwamitin da ke sa hannu a albashinsa.

Wannan roƙo ya girmi kowace makaranta. Sa'ad da Ishaku ya tsufa, idanunsa suka dushe, Rifkatu ce ta shirya wa Yakubu yadda zai karɓe albarkar wansa. Ita ta dafa abincin, ita ta ɗauko tufafin Isuwa, ita ta rufe hannuwan Yakubu da wuyansa da fatar 'yan awaki. Yaron ma ya ji tsoro, ya ce asirinsu zai iya tonuwa ya jawo wa kansa la'ana, amma uwar ta ce ita za ta ɗauki la'anar. Ƙauna ce ta sa ta yi haka, ba ƙiyayya ba, abin da ke sa labarin ya yi nauyi ke nan. Ga shi kuwa tun tagwayen suna ciki Allah ya riga ya faɗa mata cewa babban zai bauta wa ƙaramin (Farawa 25:23). Ta ji alkawarin, amma ta ga kamar sai ta taya Allah da dabara.

Masu bi su lura da aya ta 20. Da Ishaku ya yi mamakin saurin samun naman, Yakubu ya ce Ubangiji ne ya ba shi sa'a. Ƙaryar ta shigo da sunan Allah a bakinta. Haka iyaye ke biyan kuɗi a kai yaro cibiyar da ake rubuta wa ɗalibai amsa, irin wadda ake wa laƙabi da cibiyar mu'ujiza, sa'an nan idan sakamakon WAEC ko NECO ya fito su tsaya gaban jama'a ran Lahadi suna ba da shaida, har da baikon godiya. Yaron yana zaune yana kallo, ya san wanda ya rubuta amsar. Dokar ƙasa ta 1999 ta mai da maguɗin jarrabawa laifin da ake ɗauri a kansa, amma gidan Kirista bai kamata ya jira doka kafin ya ji kunya ba.

Ba iyaye kaɗai ke da laifi ba. Akwai malamin da ke rubuta "yana ƙoƙari" a katin kowane yaro, don makaranta da kuɗin makaranta take rayuwa, kada uba ya ji haushi ya cire ɗansa. Annabi Ezekiyel ya yi magana a kan masu shafa farar ƙasa a bangon da bai ginu ba, suna shelar salama alhali babu ita, ya ce ruwa da iska za su rushe shi (Ezekiyel 13:10-12). Katin sakamako ma ma'auni ne, Karin Magana 11:1 kuwa ta nuna yadda Ubangiji ke ƙyamar ma'aunin algus. Akwai kuma wanda ke rage koyarwa a aji don a biya shi darasin yamma, da wanda buhun masara daga gidan ɗalibi ke tausasa masa alƙalami. Kyauta ba laifi ba ce, amma wadda ta zo ana gobe za a haɗa maki tana da wani suna dabam. Hukumar makaranta da ke riƙe albashi wata da watanni ita ma ta sa hannu, gama Yakubu 5:4 ya ce hakkin ma'aikaci da aka danne yana kuka. Haka uban da ke rantsuwa ba shi da kuɗin makaranta alhali jiya ya sayi sabon babur.

Abin da ke gyara zumunci tsakanin gida da aji ba shi da wuya a faɗa. Malam ya kira iyaye tun zango na fari, ya nuna musu littafin yaro, kada ya jira ranar rufe makaranta. Uwa ta saurari malam kafin ta yanke hukunci a kan abin da ɗanta ya kawo mata gida. Idan an sami saɓani, a bi tsarin Matiyu 18:15, a fara ganawa su biyu, maimakon a tozarta malami a taron iyaye da malamai ko a bakin ƙofar majami'a. Yaron da ya maimaita aji ya yi hasarar shekara guda, za a kuma yi masa dariya na ɗan lokaci. Wannan ciwo ne na gaske, kada kowa ya raina shi.

Rifkatu ta ce wa Yakubu ya gudu Haran na 'yan kwanaki har fushin Isuwa ya huce. Shekara 20 ya yi a gidan kawunsa Laban, wanda ya ba shi Lai'atu da dare a maimakon Rahila, ya kuma sauya masa lada sau goma. Littafi Mai Tsarki bai rubuta cewa uwar ta sāke ganin ɗanta ba. Da Yakubu ya tsufa, 'ya'yansa suka kawo masa rigar Yusufu, sun tsoma ta cikin jinin akuya.