Ko Mutum Ya Isa Ya Auna Wa Kansa Zaƙami?

Karatu: 2 Sarakuna 4:38-41, 1 Korintiyawa 6:12-20

A Nukkai, kamar sauran unguwannin Jalingo, ba sai mutum ya yi nisa ba kafin ya ga zaƙami. Ya kan tsiro a juji da bakin hanya, da farar furensa mai kama da kakaki, da 'ya'yansa masu ƙaya. Kakanninmu sun san shi, shi ya sa suka laƙaba masa suna "haukata yaro". Duk da haka akwai samari, har da waɗansu 'ya'yan ikilisiya, masu jefa ƙwayoyinsa cikin abin sha domin su ga abin da ido ba ya gani. Kadan an tsauta musu su kan ce, "Allah ne ya halicce shi, ba ya kama mutum kamar taba, kuma na san ma'aunina."

Bari mu auna maganar nan da gaskiya. Lalle Allah ne ya halicce shi. Likitoci ma suna aiki da atirofin, wanda a ke samu cikin irin wannan tsiro, wajen duban ido da taimakon zuciya. Gaskiya ne kuma, magungunan da ke sa gane-gane, irin su LSD wanda Albert Hofmann ya gane ƙarfinsa a Basel a 1943, ba su cika kama jiki kamar taba ko tiramol ba. Kada mu yi ƙarya domin mu tsoratad da yaranmu, gama ran da suka gane ƙaryar ba za su ƙara jin gaskiyarmu ba.

Amma maganar ma'auni fa? Ƙarfin dafin zaƙami ya kan bambanta daga tsiro zuwa tsiro, har daga ganye zuwa ƙwaya. Abin da ya sa wani dariya jiya ya iya kashe wani yau. Maƙogwaro ya bushe, jiki ya yi zafi, zuciya ta yi ta bugawa, mutum ya yi ta zance da waɗanda ba su nan, wani lokaci har kwana 2 ko 3, sa'an nan ya farka bai san abin da ya aikata ba. Mai irin wannan hali, wa zai tsare shi daga kogi da damina, ko daga motocin hanyar Wukari?

Ga gindin zancen. Da me mutum ke aunawa? Da hankali. Me kuwa zaƙami ya kan fara ɗaukewa? Hankali. Ashe mai cewa ya san ma'auninsa ya yi kama da mai gadi wanda ya miƙa wa ɓarawo fitila.

A Gilgal, mutumin da ya tsinko 'ya'yan jeji ya zuba a tukunyar annabawa ba mugu ba ne. Yunwa ce ta kai shi, rashin sani kuma ya kusa hallaka jama'a. Abin da ya cece su shi ne, sun yi kuka ga Elisha, ba su ɓoye ba. Bulus kuwa ya koya wa Korintiyawa cewa ba a tambayar ko abu halal ne kaɗai; a tambaya ko yana da amfani, ko kuwa zai mallaki mutum. Abin da ya ƙwace hankali ko na dare ɗaya ya riga ya mallake mu a daren nan, ko da ba mu ƙara marmarinsa ba. Jikin nan kuma ba namu ba ne, amana ce.

Saboda haka kadan ɗan'uwa ya sha ya ruɗe, a kai shi asibiti nan da nan, kada a ɗaure shi a ɗaki don gudun kunya. Sa'an da ya warke, mu nemi sanin yunwar da ta kai shi jeji.

Tambayoyi

1. Wace irin yunwa ke kai samarinmu ga zaƙami?
2. Ina bambancin maganin da likita ya auna da wanda mutum ya auna wa kansa?
3. Yaro ya iya kawo kukansa ga dattawan ikilisiyarmu ba tare da tsoro ba?