Baƙin Hunturu a Bakin Tafki

Hunturu ya shigo Kanya Babba. Iska tana busowa daga arewa maso gabas, hazo ya rufe rana, ƙafafu duk sun yi faso. Shamuwa ta tafi kudu tun ƙarshen damina, balbela kuwa tana nan tana bin shanu. Amma in mun sauka tafki da sassafe, sai mu tarar da baƙi, wato ƙananan agwagin ruwa da suka taso daga Turai, gama can ruwa yakan daskare. Sun ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara. Waɗansu sukan yada zango a dam na Kazaure, mafi yawa kuwa a fadamar Haɗejiya da Nguru. Wajen watan Maris za su koma su yi ƙwai.

To, 'yan'uwa, daidai ne mu kashe su? Wani ya ce, tsuntsu ba na kowa ba ne, yara kuma suna marmarin nama. Gaskiya ne, ba mu ga laifin mai iyali da ya harbi ɗaya domin miya ba. Amma akwai masu barbaɗa hatsi mai guba a bakin ruwa, su kwashe garke ɗungum su kai kasuwa. Wannan kam ba yunwa ba ce. A Kubawar Shari'a sura 22 an yarda a ɗauki 'ya'yan tsuntsu daga sheƙa, amma an hana a haɗa da uwar, don kada iri ya ƙare. Mai guba fa ba ya zaɓe. Naman nan kuma, 'ya'yan maƙwabcinsa ne za su ci.