Sallar Nowel: Ina Girman Mutum Yake?

Ƴan'uwa, kowace shekara ran 25 ga watan Disamba ana hutu a ƙasarmu. Lokacin ɗari ne, hatsi ya shiga rumbu. A Yamai, da Maraɗi, da Damagaram, da Dogon Dutsi, da Galmi, Kirista suna taruwa cikin majami'unsu, waɗansu tun daren jajibiri, suna addu'a da waƙoƙi. Wannan rana ita ce Nowel. A Najeriya ana ce mata Kirsimeti. Ranar tunawa da haihuwar Yesu Almasihu ce, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa ɗan Maryama.

Da yawa cikinmu, abin da muka sani ga wannan salla shi ne shinkafa da nama da maƙwabci ke aikowa. Amma akwai wata tambaya a cikinta wadda ta shafi kowa, Kirista da Musulmi: ina girman mutum yake? Ga gidan da aka haife shi? Ga rigar da ya sa? Ko ko ga wani abu daban? Bari mu fara jin labarin kamar yadda Kirista ke karanta shi cikin Linjila.

Yadda aka yi haihuwar

Linjilar Luka, sura ta 2, ta faɗi cewa Augustus, babban sarkin Roma, ya ba da umurni a ƙidaya jama'a. Kowa ya koma garin kakanninshi a rubuta sunanshi. Yusufu masassaƙi ne, yana zaune a Nazarat. Ya ɗauki Maryama, cikinta ya tsufa, suka nufi Baitalami, garin Sarki Dawuda. Tafiyar ta fi kilomita 100, kamar daga Maraɗi zuwa Tasawa, kuma babu mota a wancan zamani.

Da suka isa, ba su samu wuri a masauki ba. Nan haihuwa ta zo. Maryama ta naɗe jaririn da zane, ta kwantar da shi cikin komin dabbobi, wato inda ake zuba ma bisashe abinci. Waɗanda aka fara yi ma albishir makiyaya ne, suna kwana a daji suna tsaron tumaki. Bayan kwana 40 iyayen suka kai yaron Urushalima don yin hadaya. Dokar Attaura ta ce a kawo ɗan rago. Wanda ba shi da halin rago, ya kawo kurciya biyu ko tattabara biyu. Hadayar tsuntsaye biyu ita ce Luka ya ambata. Daga nan muka gane talakawa ne.

Linjilar Matiyu ta ƙara da cewa waɗansu masana sun zo daga gabas da kyautar zinariya, da lubban, da mur. Sarki Hirudus ya ji an haifi wani sarki, tsoro ya kama shi. Ya sa a kashe yara maza na Baitalami, daga ɗan shekara 2 zuwa ƙasa. Yusufu ya tashi cikin dare, ya gudu da yaron da uwarshi zuwa Masar.

Linjila ba ta faɗi ranar haihuwar ba. Rubutu mafi tsufa da ya nuna ana wannan salla ran 25 ga Disamba na birnin Roma ne, na shekara ta 336. Kiristan Masar da na Habasha suna yin tasu ran 7 ga Janairu. Ashe abin da ke da nauyi ga masu sallar shi ne ma'anarta, ranar kuwa al'ada ce ta sa ta.

Abin da Kirista ke gani a ciki

Ga Kirista, wannan jariri shi ne Mai Ceto. Sunan Yesu, a harshen Yahudawa, yana nufin Ubangiji yana ceto. Suna kiranshi kuma Imanuwel, wato Allah yana tare da mu.

Ga misali don mu gane. A ce yunwa ta faɗa ma wani ƙauye. Wani sarki ya aiko da buhunan hatsi, shi kuwa yana zaune cikin fadarshi. Ya kyauta. Wani sarki kuma ya taso da kanshi, ya sauka cikin ƙauyen, ya kwana bisa tabarma, ya sha kunun da mutane ke sha, ya ji yunwar da suke ji. Wanne ne talakawa za su ce ya san su? Kirista sun yi imani cewa irin ta biyun ce Allah ya yi ma ƴan Adam. Sun ce zunubi bashi ne da mutum ba ya iya biya da ƙarfinshi, don haka ceton ya zo kyauta, ya kuma shigo ta ƙofar talakawa.

A nan Musulmi da Kirista suka sha bamban, kuma bai kamata a ɓoye ba. Musulmi sun yarda an haifi Annabi Isa ba tare da uba ba. Sura ta 19 ta Alƙur'ani sunan Maryama gare ta, ta kuma ba da labarin haihuwar a gindin dabino. Amma ga Musulmi shi annabi ne, bawan Allah, ba Ɗan Allah ba. Kowa da imaninshi. Duk da haka, dubi abu guda: cikin labaran biyu babu fada, babu makaɗa, babu dogarai. Mace ce cikin wahala, nesa da gida, da jaririnta.

Amsar tambayarmu

Mu mutane, da ido muke auna girma. Mai babbar riga ya shigo, kowa ya tashi, a shimfiɗa mishi buzu. Mai tsumma ya yi sallama, a ce ya dawo an jima. Da mutanen masaukin Baitalami sun san wanda ke cikin cikin matar nan, da an fidda wani an ba ta ɗaki. Ba su sani ba, don sun ga matar masassaƙi ce kawai.

Yau fiye da shekara 2,000 ke nan. Sarki Hirudus yana da soja da fadoji, amma mutane da yawa ba su san sunanshi ba sai ta dalilin yaron da ya so kashewa. Shekarar da muke rubutawa bisa takardun haihuwa da na asibiti kuwa, an tsara lissafinta ne daga haihuwar wanda aka kwantar a komin dabbobi. Hausawa sun ce girman kai rawanin tsiya. Nowel tana koyar da cewa girman mutum yana tare da shi tun ran da ya faɗo duniya, kafin ya mallaki ko akuya. Ba mu iya ganin wannan girma da ido. Saboda haka ba mu da ikon raina kowa.

A shekara ta 1223, wani bawan Allah na ƙasar Italiya, Faransis na Asisi, ya so mutanen wani ƙauye su fahimci wannan. Ya kawo komi da ciyawa, da sa, da jaki, aka yi addu'ar dare a wurin. Ya so su ga talaucin haihuwar da idonsu. Har yanzu majami'u da yawa suna shirya irin wannan komi lokacin Nowel.

Wani zai ce

Wani zai ce: to, wannan ai lallashin talaka ne, a ce mishi ya yi haƙuri da tsiya tunda Almasihu ma a cikinta aka haife shi. Tambaya ce mai kyau. Amma a sake duba labarin. Babu inda ya yabi yunwa ko rashin ɗaki. Mace mai naƙuda ta rasa wurin kwanciya, wannan abin kunya ne ga gari. Sarki ya kashe jarirai don kujera, wannan zalunci ne. Labarin yana ɗaga kan talaka, yana kuma ɗora nauyi bisa mai hali da mai mulki. Mai ɗaki shi ake tambaya: wa ka bari a waje?

Wannan tambaya ta iso har ƙofarmu. A shekara ta 2019, dubban mutane, mafi yawa mata da yara, suka gudo daga jihohin Sakkwato, da Zamfara, da Katsina saboda ƴan bindiga. Suka shigo jihar Maraɗi, wajen Gidan Rumji. Ƙauyawa ne suka fara buɗe musu gidajensu, suka raba tuwo da su, alhali su ma ba su da yawa. Waɗannan ƙauyawa sun yi abin da masaukin Baitalami ya kasa yi. Dama kakanninmu sun ce baƙonka annabinka.

Kyautar da ba a jiran ramuwa

Mun san yadda biki yake a wurinmu. Ka kai ma wani gudummawa ran sunan ɗanshi, ana riƙe da lissafi. Ran naka ya zo, ya mayar maka, har da ƙari. Wannan yana da amfani, yana riƙe zumunci. Amma wanda ba shi da abin ramawa, sau da yawa ana manta shi. Kyautar Nowel, in an bi ma'anarta, ta wanda ba ya iya ramawa ce: tsohuwa mai zaman kaɗaici, maraya, majinyaci, ɗan cin rani da ke kwana a tasha. Kirista sun ce tunda kyauta suka samu, kyauta ya kamata su bayar.

Don haka wanda ya ci bashi ya ɗinka ma iyalinshi sababbin kaya don a gani a yaba, ya juya ma ma'anar sallar baya. Wanda ya yanka rago ya ci da masu hali kawai, shi ma haka. Wannan gargaɗi bai tsaya ga Nowel ba, ya shafi kowace salla.

Ƴan'uwa, in maƙwabcinku Kirista ya aiko da abincin salla, ku san abin da yake tunawa da shi, ku yi mishi barka. Kuma cikin wannan ɗari, in wani ya yi sallama da dare, kada ku fara duban rigarshi. Ku fara tambayarshi ko ya ci abinci, da inda za ya kwana.