Duhun da Mutum Ya Zaɓa

Jirgin ruwan Queen Mary 2 yakan yi kwana 7 tsakanin Southampton da New York. Matafiyin da ya kama ɗaki marar taga ya sami rangwame, amma ya sayar da alfijir, sai agogo ya gaya masa gari ya waye. Wasu kan kira wannan rowa. Ban yarda ba, domin duk sa'ad da ƙirjinsa ya ƙuntata, matakala na nan, kallon teku kuwa kyauta ne.

Wanda ya tsaya mini a rai shi ne mai gyara masa shimfiɗa, sau da yawa ɗan Filifin. Yana kwana can ƙasan jirgi wata da watanni babu taga, ba kuwa wanda ya tambaye shi ɗakin da yake so.